Yadda Ake Tattara Tarihin Marigayiya Tsohuwar Soja, Daga Bariki Zuwa Aikin Gwamnati

Idan tsohuwar soja ta rasu, sanarwar da ake yi a masallaci ko a rediyo ba ta wuce layi uku: matar wane ce, mahaifiyar su wane, ta bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza. Shekarun da ta yi cikin kaki, da waɗanda ta ƙara a asibitin gwamnati ko a sakatariya bayan ta ajiye kakin, duk sai su shige cikin "tsohuwar ma'aikaciya". Ba da gangan ake yi ba. Galibi 'ya'yan sun san dai Mama ta yi soja, amma ba su san rundunar da ta zauna ba, ba su san muƙamin da ta fita da shi ba, abokan aikinta kuwa sun watsu tun tuni. Namiji tsohon soja yakan zauna a majalisa ya yi ta ba da labarin fagen fama har yaran unguwa su haddace. Mace ba kasafai take samun wannan majalisar ba, kuma da yawa ba sa son a tayar da zancen.

Shi ya sa tarihinta ba ya haɗuwa da kansa, sai an bi shi. Tsarin da ya fi aiki shi ne a fara da takarda, a bi da shaidun baki, rubutu ya zo a ƙarshe. A ɗora aikin a wuyan mutum ɗaya a gidan, wanda kowa zai kai wa abin da ya samu. Idan aka ce na kowa ne, babu wanda zai yi.

Abin da za a yi tun ana zaman makoki

Kwana ukun ta'aziyya su ne kaɗai lokacin da tsofaffin abokan aikinta za su taru wuri ɗaya ba tare da an gayyace su ba. A samu littattafan rubutu guda biyu, ɗaya a ƙofar gida wajen maza, ɗaya a cikin gida wajen mata, kowanne a hannun yaro mai hankali. Na cikin gidan ya fi muhimmanci, domin matan da suka yi bariki tare da ita can za su zauna, kuma ba za ka gane su da gani ba, sun sha mayafi kamar kowa. Abu uku ake rubutawa: suna, lambar waya, da inda mutum ya san marigayiya. Kada a tsare kowa da tambayoyi a wurin. Ya isa a ce, "Hajiya, in hankali ya kwanta za mu neme ki, muna son jin labarin aikin Mama."

Abu na biyu shi ne akwatinta. A gidaje da yawa ana fitar da tufafin mamaciya sadaka cikin 'yan kwanaki, a share ɗakin, tsofaffin takardu su bi shara ko a cinna musu wuta. A kulle akwatin ƙarfenta da durowar gefen gado, a ba babba a gidan makullin. Lambobin yabo da kaki da hotuna suna cikin abin da ta bari, magada suna da hakki a kansu, don haka a ɗauki hoton kowanne kafin rabon gado, a kuma nemi yardar magada cewa takardun aiki za su zauna wuri ɗaya ko da an raba sauran kaya.

Abin da ake nema a cikin akwatin

A shimfiɗa tabarma a ɗaki mai haske, a wanke hannu a bushe shi, a fito da komai ɗaya bayan ɗaya ba tare da an yamutsa jerin da ta ajiye su ba. Sau da yawa za ka tarar da tsohon ambulan mai ruwan ƙasa an ɗaure shi da roba, robar ta narke ta manne da takarda. Kada a fizge, a bi ta a hankali da gefen kati. A cire fil da ƙusar takarda masu tsatsa.

Takardar da ta fi kowace daraja ita ce ta sallama daga soja. A jikinta akwai lambar aiki, ranar shiga, ranar fita da muƙamin ƙarshe. Bayanta sai katin shaida na tsohon soja, takardun fansho, satifiket na kwasa-kwasai, wasiƙun ƙarin girma da na canjin wurin aiki. Idan ta yi kwas ɗin shirin ritaya a cibiyar sake tsugunar da sojoji da ke Oshodi a Legas, za a ga satifiket na sana'ar da ta koya a can, kuma shi ne yakan bayyana dalilin da ya sa ta kama kiwon kaji ko ɗinki bayan ta fito.

Lambar aiki ita ce mabuɗin komai. Ofisoshin soja da lamba suke neman mutum, ba da suna ba. A rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya lambar hafsa tana farawa da N/, ta ƙaramin soja, wato wanda ba hafsa ba, kuma tana ɗauke da NA tare da wasu alƙaluma a gabanta. A lambobin baya-bayan nan waɗannan alƙaluman suna nuna shekarar shiga, amma 63NA da 79NA jeri ne da aka yi shekaru ana ba da lamba a ƙarƙashinsu. Wanda ya ga 79NA ya rubuta cewa ta shiga soja a 1979 yana iya ƙara mata shekarun da ba ta yi ba. Idan takardar sallamar ta ɓata, a duba bayan tsofaffin hotuna, katin asibitin soja, takardar albashi, ko jikin akwatin kansa, don sojoji da yawa suna rubuta suna da lamba da fenti a kai. A Nijar ma haka abin yake, lambar rajistar soja ake fara nema.

Matsalar suna

A nan tarihin mata ya fi ɓacewa. Ta shiga soja da sunan mahaifinta, ko da sunan garinsu kamar yadda aka saba a makarantun Arewa. Ta yi aure ta koma amfani da sunan miji a aikin gwamnati. A gida kuma ana kiranta Inna ko Mama ko wani laƙabi, har wasu jikokin ba su taɓa jin sunanta na yanka ba. Ga kuma bambancin rubutu: A'isha a wannan takarda, Aishatu a waccan, Aisha a ta uku. A ɗauki shafi guda a jera duk sunayen da ta taɓa amsawa, kowanne da shekarun da aka yi amfani da shi da takardar da ke ɗauke da shi. Duk wasiƙar da za a rubuta wa wani ofishi a sa sunan da wannan ofishin ya san ta da shi, sannan a ambaci sauran. Idan ta taɓa buga canjin suna a jarida, yankakken shafin yana nan a akwatin, a nemo shi.

Ranar haihuwa ma haka. Da yawa daga cikin iyayenmu takardar rantsuwar shekaru suka yi a kotu, ranar da ke ciki ƙiyasi ce, wani lokaci ma ta soja da ta gwamnati ba su dace ba. Kada a zaɓi wadda ta fi daɗi. A rubuta wadda ke takardar aiki, a ƙara da cewa 'yan'uwanta sun ce an haife ta a shekarar kaza, in suna da hujja kamar wani abin da ya faru a garin a lokacin.

Jadawali kafin labari

A ja layi huɗu a takarda: shekara, wuri, muƙami ko aiki, da hujja. Layin hujja shi ne wanda ake yawan tsallakewa, kuma shi ne ke hana rigima daga baya. A ƙarƙashinsa a rubuta "takardar sallama", ko "bayan hoto", ko "in ji ƙanwarta". Abin da takarda ta tabbatar a rubuta da biro, abin da aka ji a baki a rubuta da fensir har sai mutum na biyu da bai ji na farkon ba ya faɗi irinsa. Idan jadawalin ya cika za a ga giɓi, a ce shekara huɗu tsakanin fitarta daga soja da fara aikin asibiti. Giɓin nan shi ne tambayoyin da za a kai wa ofisoshi da mutane. Yawanci karatu ne, ko haihuwa da reno, ko bin miji da aka yi wa canji.

Ofisoshin da za a tuntuɓa

Bayanan ƙananan sojojin ƙasa suna ofishin ajiye bayanai na rundunar da ke Lakwaja, na hafsoshi kuma suna ƙarƙashin ofishin Sakataren Soja a hedikwata a Abuja. Sojan ruwa da na sama kowanne yana da nasa, ta hedikwatarsa ake bi. Idan tana karɓar fansho na soja, fayil ɗinta yana Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja, kuma dole ne a sanar da su rasuwar ko da ba tarihi ake nema ba. Ci gaba da cire kuɗin fansho bayan mai shi ta rasu laifi ne, yana kuma jawo wa magada wahala a ranar da suka zo neman hakkinsu.

Wasiƙar neman bayanan ta fito daga wanda marigayiyar ta rubuta a matsayin magajinta a takardun aiki, ba daga duk wanda ya fi kusa da Abuja ba. Wannan yakan zo da mamaki, don wata tun tana budurwa ta rubuta sunan mahaifinta ko yayanta ba ta sake canzawa ba. A haɗa da kwafin takardar shaidar rasuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kwafin takardar sallama, da katin shaidar mai nema. Kwafi ake bayarwa, asalin ya zauna a gida. A faɗi abin da ake so a fili: ranar shiga da fita, rundunonin da ta yi aiki, ranakun ƙarin girma, lambobin yabo. Wasiƙar da ta ce "duk abin da kuke da shi a kanta" tana daɗewa a tire. A kai kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa a ɗaya a dawo da shi.

Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, amma ta keɓe bayanan tsaro da na sirrin mutum, don haka ba ita ce hanyar farko ba. A ganinmu ya fi sauƙi a fara da ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Lijiyon da ke jiharku. Sun san wanda ake gani a kowane ofishi, kuma ba mamaki a samu wanda ya zauna bariki ɗaya da ita.

Rabin rayuwarta na farar hula

Wannan rabin ne iyali suke ganin sun sani, shi ya sa ba sa bincikensa, alhali sau da yawa ya fi na sojan tsawo. Takardun da ake nema su ne ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na ƙarshe da ta ritaya. A cikin fayil ɗinta na ma'aikata akwai takardar da ke jera duk wuraren da aka tura ta da matakin albashinta. Idan ta nemi a haɗe mata shekarun soja da na gwamnati domin fansho, wasiƙar amincewar tana ɗauke da ainihin ranakun aikin sojanta, wato hujja ta biyu ke nan da ba a sha wahala ba. Ƙa'idar ritaya ta shekara 35 a aiki ko 60 da haihuwa ma tana taimakawa wajen gwada lissafi. Idan jadawalinku ya ba ta shekara 41 a aiki, mai yiwuwa akwai inda aka yi kuskure.

Abin da ke ɓatar da mutane shi ne ƙirƙiro jihohi. Wadda ta fara aiki a jihar Kaduna tana 'yar Funtuwa, an mayar da ita Katsina a 1987. 'Yar Haɗeja da ke aiki a Kano ta koma Jigawa a 1991, shekarar da aka fitar da Kabi daga Sakkwato, Yobe daga Barno, aka kuma raba Gongola zuwa Adamawa da Taraba. Zamfara, Gwambe da Nasarawa sun zo a 1996. Fayil yakan bi ma'aikaci zuwa sabuwar jiha, amma wani lokaci tsohon kundin ya tsaya a tsohuwar sakatariya. A nemi duka biyun. Idan nas ce ko ungozoma, lambar rajistarta tana Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya, daga nan ake sanin makarantar da ta yi da shekarar da ta gama. Idan aikin Tarayya ta yi ta fita kafin sabon tsarin fansho na 2004 ya shafe ta, hukumar PTAD, mai kula da 'yan fansho na tsohon tsari, ita ce ke riƙe da bayananta.

Zama da waɗanda suka san ta

Mutum biyar zuwa takwas sun isa, in an zaɓe su da kyau: wadda suka yi horo tare, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinta, wanda ya shugabance ta, abokiyar aiki daga ma'aikatar farar hula, maƙwabciya a bariki, da 'yar'uwar da ta san ta tun kafin ta sa kaki. Wanda ya yi aiki a ƙarƙashinta ya fi kowa sanin halinta. A fara da mafi tsufa da mafi rashin lafiya, kada a ce sai bayan salla.

Waya ta isa ɗaukar murya. A kashe layinta don kira ba zai katse ba, a aza ta a kan filo ko naɗaɗɗen zane kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakin mai magana, a kashe fanka, a nisanci janareta. A ɗauki minti ɗaya a saurara kafin a ci gaba. Zama ɗaya kada ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya, gara a dawo karo na biyu. A farkon kowane ɗauka a faɗi kwanan wata da wuri da sunan mai magana, a kuma nemi ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda a yi amfani da maganarsa.

Tambayar "Yaya halinta yake?" ba ta haifar da komai sai "Mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta." A tambayi abin da ke da rana da wuri. "Baba, ranar da ka fara ganinta, a ina ne, me take yi?" "Gwaggo, da ta ce za ta shiga soja, me Malam ya ce?" "Hajiya, in kuna aikin dare a asibiti, ƙarfe nawa kuke karɓa, ku nawa ne a ɗakin?" A miƙa hoto a hannun tsohuwa a yi shiru. Za ta kai shi kusa da ido, ta ɗora yatsa a kan wata fuska a layin baya, sunaye su fara fitowa da kansu. Kada a cike mata shirun, kada a gyara mata shekara tana tsakiyar magana, a bar gyaran ga jadawali. Mata a zauna da su ba tare da mazan gidan ba, in ba haka ba labarin bariki ba zai wuce gaisuwa ba. Idan aka zo kan yaƙi ko gawawwaki mai magana ya kau da kai, a bar wurin.

In kuwa tsohuwar sojan tana raye, duk wannan aikin da ita ya kamata a yi shi yau. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Karanta hoto da lambar yabo

Hoton kaki yana faɗin muƙami ko da ba a rubuta komai a bayansa ba. A sojan ƙasa igiya ɗaya las kofur ce, biyu kofur, uku saja. A kafaɗar hafsa tauraro ɗaya ko biyu laftana ce, uku kyaftin, mikiya ita kaɗai manjo, mikiya da tauraro ɗaya laftana kanar, da biyu kanar. Shuɗiyar hula alamar aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ce, kuma kowace tawaga tana da launin ƙyallen lambarta, don haka ƙyallen zai nuna ko Saliyo ta je, ko Laberiya, ko Darfur. Kada a cire ƙyallen don ya tsufa, kada a goge lambar da man goge ƙarfe, busasshen tsumma mai laushi ya isa.

A kula da muƙaman sojan ruwa da na sama. Kyaftin a sojan ruwa daidai take da kanar a sojan ƙasa, haka ma Guruf Kyaftin a sojan sama. Wanda bai sani ba sai ya rage wa babbar hafsa girma da mataki uku. Haruffan da ke bin sunan hafsa, irin su FSS, MSS, DSS ko psc, masu nuna lambar yabo ko kwas ɗin da ta yi, a kwafe su yadda suke a takardarta ta ƙarshe, kada a ƙara ko ɗaya.

Gwada abin da aka ji da tarihin da aka sani

Ƙauna tana sa a ƙara gishiri, kuma "ita ce mace ta farko" shi ne gishirin da aka fi zubawa. Akwai ranakun da za a auna magana da su. Josephine Tolefe, wadda nas ce, ta zama hafsa a 1961, kuma ita ake lissafawa hafsa mace ta farko a sojan ƙasa. Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa, ta zama Manjo Janar a 1994, ta rasu a Nuwamban 2023. Itunu Hotonu ta kai muƙamin Riya Admiral a 2012. Blessing Liman, 'yar Zangon Kataf, ta zama hafsa a sojan sama a 2011, ta zama matuƙiyar jirgin soja a 2012. A shekarar 2011 ɗin ne kuma makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna ta fara ɗaukar mata a kwas ɗinta na dindindin, sashen mata na rundunar sojan ƙasa kuma sai a 2018 aka kafa shi. Saboda haka idan aka ce marigayiyar da ta yi aiki a shekarun 1980 ta yi wancan kwas na NDA, ba haka ba ne. Mai yiwuwa ta shigo ne da takardar sana'arta ta gajeren kwas na hafsoshi, ko ta Daffo, wurin horar da kurata a Zariya, in ƙaramar soja ce. Haka ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma: a 1990 ta shiga Laberiya, wadda ta bar soja a 1988 ba ta je ba.

Idan da gaske ta farko ce a wani abu, a taƙaita shi zuwa inda hujja ta tsaya: ta farko a garinsu, ko a rukunin da aka ɗauke su. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu tsohon sojan da zai tashi a taro ya ƙaryata.

Rubutun kansa

A yi shi kashi uku daga jadawali ɗaya. Na farko gajere, kalma 80 zuwa 100, na rediyo da WhatsApp da Facebook: cikakken suna, muƙami da rundunar da ta yi, shekarun soja, aikin farar hula da inda ta yi ritaya, sannan iyali da addu'a. Na biyu kalma 400 zuwa 600, wanda ake karantawa cikin minti huɗu zuwa biyar. Iyalan Kirista sukan buƙace shi da wuri domin littafin jana'iza, kuma suna da 'yan kwanaki kafin binnewa. A gidan Musulmi ana binnewa a ranar, don haka wannan yana zuwa daga baya, a taron iyali ko ranar addu'a ga masu yin ta. Na uku ɗan littafi ne mai shafi 16 zuwa 24 da hotuna, wanda ba a gaggawa da shi.

A ba kowane rabi na rayuwarta hakkinsa. Kuskuren da aka fi yi iri biyu ne: ko a cika shafi da kaki a ba shekara ashirin na asibiti layi ɗaya, ko a binne sojan a cikin rabin jimla. A nuna abin da ta ɗauko daga bariki ta kai ofis, in shaidu sun faɗa. "Ta kasance mai ƙwazo da riƙon amana" ana iya faɗinsa a kan kowa. "Takan iso ɗakin haihuwa kafin masu shara, ta ƙirga allurai da kanta kafin ta sa hannu a littafin karɓar aiki" nata ne ita kaɗai. A sa "mai ritaya" bayan muƙaminta, kuma muƙamin da ke takardar sallama shi ne muƙaminta, ba wanda ake kiranta da shi a unguwa ba.

Akwai abin da ba a bugawa. Cikakkiyar lambar aiki, lambar asusun banki, lambar fansho da hoton katin shaida kada su hau intanet, don 'yan damfara suna amfani da bayanan sojojin da suka rasu, musamman hotunan mata cikin kaki. A rufe lambar kafin a ɗora hoton kowace takarda. Takardar da aka buga wa hatimin sirri ba ta shiga littafi, a nemi shawarar wani hafsa mai ritaya a kanta. Rashin lafiyarta, rabuwar aure, ko dalilin sallama idan ba mai daɗi ba ne, magada ne za su yanke, kuma barin abu a waje ya fi a canza shi. Kafin a kai maɗaba'a, mutum biyu su karanta: tsohon soja ɗaya domin muƙamai da sunayen rundunoni, babba ɗaya a dangi domin sunaye da nasaba.

Ajiya

Takardu a yi musu sikanin a ma'aunin kaifin hoto na 300 dpi, hotuna a 600, gaba da baya, don rubutun bayan hoto yakan fi fuskarsa amfani. Sunan kowane fayil ya fara da shekara. A ajiye kwafi uku: a kwamfuta, a filas da ke wani gidan dabam, da kuma a imel ko Google Drive da aƙalla mutum biyu suka san mabuɗinsa. Hoton da ya bi ta WhatsApp ya ragu, ba shi ne na ajiya ba.

Kada a yi wa asalin takarda laminatin. Zafin yana cin tawada, ledar ba ta sake fita, kuma wasu ofisoshin suna ƙin karɓar takardar da aka like. Salatef ma yana barin tabo mai ruwan ɗorawa. A sa kowace takarda a miƙe cikin farar takarda, a rubuta bayani da fensir, a ɗora akwatin a kan katako nesa da bango saboda gara da danshin damina, a buɗe shi sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta. Kaki a wanke shi ya bushe sarai, a naɗe cikin farin zanen auduga da kafur a gefe, ba cikin leda ba. Kada a bar jika ya sa shi ya fita ɗaukar hoto, doka ta hana farar hula sa kayan soja, kuma a shingen bincike ba a sauraron bayanin cewa na Kaka ne.

Idan ɗan littafin ya fito, a kai kwafi ofishin Lijiyon na jiha, da makarantar da ta yi, da asibiti ko ma'aikatar da ta yi ritaya, a kuma tambayi Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi a Kaduna, ko za su karɓi ɗaya. Ranar 15 ga Janairu ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya a Nijeriya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ana ajiye furanni a Abuja da manyan biranen jihohi, ana kuma yin addu'o'i a masallatan Juma'a da coci-coci a kwanakin da ke gabanta. Iyalin da ke son a ambaci sunanta a taron jiharsu su kai wa Lijiyon gajeren tarihin nan mai kalma 100 tun cikin Disamba, da kwafin takardar sallama a haɗe.